Shagon littattafan gwanjo da na kai ƙanina bayan ya ce min shi bai san ko akwai Allah ba

Na daɗe ina son in yi rubutu akan wani shagon littattafai da ke nan cikin garin Kaduna sai in fasa, saboda abin da ya kai ni shagon magana ce ta cikin gida kuma kun san halin mutanenmu da yayata zance. Yanzu dai Autanmu da kansa yace in rubuta in dai ba zan kama suna ba. Shi ma mai shagon da na faɗa masa cewa yayi, "'yata ki faɗi abin da kika gani mai kyau da mara kyau, amma ki bar sunana da lambar shago." Toh na yarda. Iyakar abin da zan ce shine yana cikin layukan nan na bayan Ahmadu Bello Way ta ɓangaren kasuwa, wanda ya saba yawon neman littattafan gwanjo a wajen ba zai sha wahalar gane shi ba.

Azumin bara ne abin ya faru. Auta yana aji uku a jami'a a Zariya, ya dawo hutu sai na lura yaron nan ya canza, zai tashi yayi sahur da mu amma in an kira asuba sai ya koma ɗaki ya ja ƙofa, tarawi kuma kullum da uzurin da zai kawo. Ran nan bayan an sha ruwa na same shi a baranda nace Auta wai me ke damunka ne, yayi shiru ya kai minti biyar yana juya waya a hannu sannan yace "Yaya ni fa ban ce babu Allah ba, amma wallahi ban sani ba, na daina sani." Jikina yayi sanyi ƙalau, na rasa me zan ce sai hawaye. Ashe abokinsa ne da suke ɗaki ɗaya a makaranta 'yan bindiga suka tare a hanyar Birnin Gwari, iyayen suka sayar da gona suka kai kuɗin fansa, uwar yaron ba irin addu'a da sadakar da ba ta yi ba, ƙarshe gawa ma ba a samu ba. Tun daga nan Auta yake ta kallon bidiyoyin masu musun addini a YouTube da TikTok cikin dare shi kaɗai, ba wanda ya faɗa wa.

Ban gaya wa Mama ba saboda hawan jininta, ban gaya wa babban yayanmu ba saboda na san mari zai fara kaiwa kafin tambaya. Kuma gaskiya tsoro ya kama ni, don a garin nan ne aka kama Mubarak Bala a watan Afrilun 2020 aka wuce da shi Kano saboda abubuwan da ya rubuta a Facebook da aka ce ɓatanci ne ga addini, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Ƙanina bai zagi kowa ba, bai taɓa addini da baƙar magana ba, kuma na san sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, amma in magana ta fita unguwa waye zai tsaya ya bambance mai zagi da mai kokwanto? Shi yasa nace bari in nemi abin karantawa tukuna, ko ni in fahimci ciwon kafin in san inda zan kai shi.

Wani babban shagon littattafan addini na fara zuwa, mai gilas da esi. Na yi wa yaron shagon bayani a hankali ba tare da nace ƙanina bane, ya kalle ni sama da ƙasa yace "Hajiya ai wannan aljanu ne, a kai shi ruƙiyya kawai," ya miƙo min ɗan ƙaramin littafin addu'o'i. Ban raina addu'a ba, da ita nake kwana nake tashi, amma na fito raina a ɓace saboda ko sauraro na bai gama yi ba. Wata abokiyar aikina ce a makarantar da nake koyarwa, Kirista ce daga Sabon Tasha take zuwa, ita tace min akwai wani Baba mai gwanjon littattafai da ta taɓa kai ɗan yayarta wajensa akan irin wannan matsalar, in je in gwada.

Shagon ƙarami ne sosai, mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Littattafai tun daga ƙasa har silin, warin tsohuwar takarda ya gauraya da na turaren wuta, ga fanka a sama amma ban taɓa ganin ta tana juyawa ba. A bakin ƙofa littattafan jarabawa ne na WAEC da JAMB da na 'yan makarantar koyon jinya, su ne ke kawo cinikin yau da gobe. In ka ƙara shiga sai na labarai, na Turanci da na Hausa, can ƙurya kuma littattafan Larabci masu jar takarda irin na zaure, da buta da darduma a naɗe da ɗan benci. Baban tsohon malamin makaranta ne da yayi ritaya, ya kuma yi karatun zaure sosai, gemunsa fari tas, tabaraunsa da zare ya ɗaure hannu ɗaya.

Abin da ya fara saye ni shine tambayar da ya min. Na gama bayani ina rawar murya, bai yi salati da ƙarfi ba bai zaro ido ba, sai yace "'yata, yaron cewa yayi babu, ko cewa yayi bai sani ba?" Nace cewa yayi bai sani ba Baba. Yace toh ai ba ciwo ɗaya bane, kuma ba a ba mai ciwon ido maganin ciwon kunne. Ya zaunar da ni a bencin nan ya min bayani dalla dalla. Wanda yace babu Mahalicci sam shine mulhidi, kuma ba sabon abu bane da waya ta kawo, tun zamanin saukar Alƙur'ani akwai masu cewa rayuwar duniya ce kawai, muna mutuwa muna rayuwa ba abin da ke halaka mu sai zamani, ya buɗe min Suratul Jasiya aya ta 24 na gani da idona, yace daga kalmar dahar ɗin nan ne malamai suka sa musu suna Dahriyya. Shi kuwa mai cewa ban sani ba, ko kuma ba yadda za a yi ɗan Adam ya sani, Larabawa na ce wa ra'ayinsa la'adriyya daga la adri, Turawa kuma agnostik, wani masanin kimiyya ɗan Ingila Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro kalmar a 1869 don ya bambanta kansa da masu cewa tabbas akwai da masu cewa tabbas babu. Yace matsalarmu a Hausa duk kwando ɗaya muke zuba su, kafiri, arne, zindiƙi, alhali ko Bamaguje da ke yanka wa iskoki bai taɓa musun akwai Allah ba. Wallahi shekarata goma sha ina koyarwa, na yi islamiyya har na sauke, amma ranar na fara jin an rarrabe min waɗannan abubuwan.

Daga nan ya miƙe ya shiga lalube, ba wani kundi ba kwamfuta, komai a kansa yake, ya zaro min littafi biyu. Na farko na Imamul Gazali ne, Munƙizu minad Dalal, da Larabci da kuma fassarar Turanci da aka yi fotokofi. Ni duk sanina da Gazali mai Ihya ne da ake karantawa a masallatai, ban taɓa sanin shi da kansa ya rubuta cewa ya faɗa cikin kokwanto na kusan wata biyu ba, mutumin da ke koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, babban malamin zamaninsa, ya rasu a 1111. Baba ya nuna min wajen da yake cewa har idonsa ya daina yarda da shi, don ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take a hankali, yana ganin tauraro ɗan mitsitsi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma, toh in ido na ƙarya me zai hana hankali ma yayi? Na biyun Ummul Barahin ne na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ɗan siririn littafin tauhidi da kakanninmu suka yi ta biyawa a zaure, mai siffofin Allah ashirin, samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru da sauransu. Yace ki duba, malaman nan ba cewa suka yi rufe ido ka bi ba, hujja suka kafa, duniya tana canzawa, duk mai canzawa fararre ne, fararre kuma dole sai da wanda ya fare shi, kuma Sanusi yana cikin masu tsanantawa akan cewa baligi ya san Ubangijinsa da dalili ba da jin baba ya faɗa kawai ba. Ya ƙara min da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim inda sahabbai suka zo suna cewa suna jin abu a ransu da ya fi ƙarfin su furta, aka ce musu wannan shine tsantsar imani, da kuma Annabi Ibrahim alaihissalam a Baƙara aya ta 260 da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu. Na fito shagon ranar na biya dubu biyar da ɗari biyar duka biyun, kuma numfashina ya dawo daidai a karon farko cikin sati biyu.

Akwai wani abu da sai a zuwa na biyu na gani, kuma shine abin da na san wasu za su ƙi shagon saboda shi. Ƙarƙashin teburin Baba akwai kwalin taliya guda biyu da ya rufe da tsohuwar jarida, ciki littattafan su waɗancan ne, masu musun. Na ga na Bertrand Russell mai ɗauke da laccar da ya yi a 1927 akan dalilin da yasa shi ba Kirista bane, na ga na Richard Dawkins da ya fito a 2006, da kuma martanin da malaman Kirista da na Musulmi suka rubuta musu duk a haɗe. Raina ya sosu gaskiya, nace haba Baba, kai da sallarka da gemunka ka ajiye wannan a shago? Bai ji haushi ba. Yace 'yata yaronki ya riga ya gama jin maganganun nan a waya, guntu guntu na minti biyu da kiɗa a ƙasa, gara ya karanta hujjar mutum cikakkiya a zaune ya ga inda take da ƙarfi da inda take ɗingishi, sannan ya karanta amsar da aka ba ta. Yace Gazali ma sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayin masana falsafa tsaf kafin ya rubuta na rushe su, daga baya Ibnu Rushdi na Andalus wanda ya rasu a 1198 ya zo ya mayar masa da martani, kuma duk littattafan suna nan ba wanda ya ƙone duniya. Har yau zuciyata ba ta gama kwanciya da kwalin nan ba, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ɗan sanyaya min rai shine na ga da idona wani yaro ɗan sakandare ya tambayi irin littafin, Baba yace babu, da yaron ya tafi yace min wannan bai kai ba, sai wanda ya zauna suka yi magana ya ga nauyin hankalinsa. Kuma ba ya sayar da na musu shi kaɗai sai ya haɗa maka da na amsa.

Ranar Asabar ta bayan ƙaramar sallah na lallaɓa Auta muka hau keke napep muka je. Da farko ƙin zama yayi, ya tsaya bakin ƙofa hannu a aljihu yana jiran a fara masa wa'azi. Baba ya ce "ɗana shigo ka taya ni sauke kwalin can, bayana ba ya so," da haka ya shigo da shi. Suna cikin jera littattafai Auta yace Baba na karanta Gazalin, amma shi ai cewa yayi ba hujja ce ta warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji, toh ni hasken bai zo ba, ya zan yi? Sai kuma maganar abokinsa ta ɓalle, yana faɗa murya na sarƙewa, yace yaron da ko sallar nafila ba ta wuce shi, uwarsa ta kwana nawa tana kuka akan darduma, ina amsar take? Ni na zata Baba zai jawo aya nan take. Sai ya cire tabarau ya ajiye akan littafi yayi shiru, can yace shi ma ɗansa na fari a rikicin garin nan na watan Fabrairun 2000 ya fita bai dawo ba, kuma ya yi shekara yana sallah bakinsa na motsi zuciyarsa kamar dutse. Yace tambayar waye ya yi duniya daban take da tambayar don me bayin Allah ke shan wahala, ta biyun ita ce mafi nauyi, masu imani da marasa imani duk sun san haka, kuma shi ba shi da amsar da za ta share maka hawaye yau, in yace yana da ita ya yi maka ƙarya. Yace abin da ya sani shine cire Allah daga lissafin bai dawo masa da ɗansa ba kuma bai rage zafin ba, sai ma ya raba shi da fatan ranar da za a yi hisabi da waɗanda suka yi, amma wannan tafiyarsa ce shi, kai ma sai ka yi taka. Auta ya zauna a ƙasa akan kwali yayi ta magana fiye da awa ɗaya, abin da bai yi da kowa a gida ba. In mai sayen littafin jarabawa ya shigo sai Baba ya juya zancen zuwa tsadar fetur, in ya fita su ɗora daga inda suka tsaya.

Toh amma shago ne, kuma kuɗina na kashe, dole in faɗi inda ya gaza. Ƙura kam ba a magana, lokacin hunturu in kana da asma kar ka shiga ba takunkumi. Wani littafi da na saya dubu huɗu sai da muka kai gida muka ga gara ta cinye shafi goma sha biyu na ƙarshe, daidai inda marubucin ke kammala hujjarsa, na mayar Baba yace ba a mayar da kuɗi sai dai musaya, kuma ba wani kwafin, wannan ya min ciwo. Fotokofin da yake sayarwa wasu shafukan sun dushe sai ka kai fitila kusa, ga kuma haƙƙin masu littafin da ni dai ban ga an kiyaye ba, na faɗa masa yace asalin ba ya samuwa in ya samu ma kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi, na gane uzurin amma ban gamsu ba. Babu POS, taransifa kuma sai an fita waje neman netwok, ranar farko sai da na je na ciro kuɗi na dawo. Farashi ba a rubuce yake ba, abin da aka ce min dubu uku na ji an ce wa wani mai babbar riga dubu biyar. Lokacin buɗewa ba tabbas, daga azahar zuwa la'asar sau da yawa a rufe, Juma'a kuma kar ma ka ɓata kuɗin mota. In ka yi rashin sa'a yaronsa ka tarar a shagon toh ka yi zuwan banza, don bai san inda komai yake ba bayan na jarabawa. Mace kuma ba wajen zama mai sirri, benci ɗaya ne kowa da kowa.

Abin da ya fi damuna ba laifin Baba bane shi kaɗai, duk cikin kwalayen nan da ƙuryar nan ban samu littafi ko ɗaya da Hausa da ya ɗauki tambayar nan da gaske ba, irin wanda zai kawo abin da masu kokwanto ke faɗa tsakani da Allah sannan ya amsa cikin natsuwa. Na tauhidi da Hausa akwai su, amma an rubuta su ne don wanda ya riga ya yarda. Auta yana jin Turanci shi ya sa ya samu abin kamawa, ni sai da ƙamus a gefe nake bin fassarar Gazali, toh yaron Rigasa ko Tudun Wada da bai yi nisa a boko ba amma bidiyon na iso masa a waya da fassarar Hausa fa, me zai karanta? Malamanmu na jami'o'i da na zaure da suka iya Larabci da Turanci, dan Allah wannan aikin ku ne. Na kuma tambayi ko yana da rubutun 'yan Najeriya akan batun, irin su Tai Solarin da ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956 wanda kowa ya san bai yarda da addini ba, don in ji yadda namu na gida ke kallon abin, yace ya taɓa samu tuntuni amma yanzu babu.

In taurari ake bayarwa ni huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan na cire saboda gara da farashin ganin ido. Wanda zai je ya je da safe tsakanin goma da sha biyu, ya riƙe tsabar kuɗi, ya buɗe littafi ya duba har shafin ƙarshe kafin ya biya, kuma kar ya je da gayya ko da niyyar ɗaukar bidiyo, dattijo ne mai neman abincinsa. Na ga 'yan Kawo da Unguwar Sarki a shagon, na ga 'yan Barnawa da Kakuri da suka tsallako gada, har wani fasto na tarar ran nan suna musu da Baba akan wani shafi suna shan shayi.

Masu son su ji ko Auta ya dawo daidai, ba zan muku ƙarya ba, bai ce min komai ya wuce ba. Wani lokacin ina jin motsin buta da asuba wani lokacin ba na ji, na daina leƙe. Ya daina kwana akan waya dai, kuma Ummul Barahin ɗin nan duk gefen shafukan ya cika su da tambayoyi da fensir, in ya zo hutu yana ajiye jaka shagon yake wucewa da su. Wannan Asabar ɗin ma za mu je tare, Baba yace ya yi wa wani abokinsa a Kasuwar Kurmi ta Kano magana a nemo masa na Ibnu Rushdi, in an samu dubu bakwai ne, na riga na ba da rabi.